Harshen mayun silima da harsunan ɓoye na ƙasar Tasawa

A Kona, kamar sauran garuruwan ƙasar Tasawa da ta Mayahi, idan an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, dare ya kan yi tsawo. A da, tatsuniya ce ke cinye wannan dare, sai dandali da kiɗan ƴan mata. Daga baya gidan bidiyo ya zo da injinsa mai ƙara. Yau kuwa silimar ta shige cikin salula: samari su kan je wurin mai cajin waya a bakin kasuwa a tura musu finafinai, na Kano da na Indiya da na Amurka, su zauna su huɗu ko biyar a kan tabarma guda suna kallo.

Cikin finafinan Amurka da ke yawo a duniya akwai masu ba da labarin wasu duniyoyi can bayan taurari. A cikinsu a kan ga mata sanye da baƙin lulluɓi suna furta kalmomin da ba Ingilishi ba, ba Faransanci ba, ba Larabci ba, kuma mutanen cikin labarin na kiran su mayu. Dattijon da ya leƙo ta kafaɗar jikansa ba zai rasa tambaya ba: wannan wane yare ne, a ina kuma mayun Nasara suka koye shi? Tambayar tana da amsa, amsar kuwa ba ta da ko ƙwayar tsafi a cikinta. Mutum ne sananne ya zauna a kan kujera ya ƙirƙiro harshen, aka biya shi ladan aikinsa. Sanin haka zai amfani mutumin Kona fiye da yadda a ke zato, domin ƙasar nan ma tana da nata harsunan ɓoye, tana kuma da nata tsofaffin da a ke jifa da kalmar maita.

Matan da sarakuna ke tsoro

A shekarar 1965 wani marubucin Amurka mai suna Frank Herbert ya fito da littafin ƙagaggen labari mai suna Dune, ma'anarsa tudun rairayi. Labarin na faruwa ne a wata duniya da a ke kira Arrakis, wadda hamada ce daga farkonta har ƙarshenta, inda ruwa ya fi zinariya tsada. Ƙarƙashin rairayinta akwai wani gari mai kama da yaji wanda jiragen sararin samaniya ba su iya doguwar tafiya sai da shi. Manyan gidajen sarauta na waje su ke haƙarsa suna kwashewa, ƴan ƙasar kuwa, da a ke kira Fremen, suna ɓoye cikin duwatsu suna tattalin ɗigon ruwa. Ɗan Nijar da ya san tarihin Arlit, inda aka fara fitar da uraniyum a shekarar 1971, ba ya bukatar dogon bayani a nan.

A cikin wannan labari akwai wata ƙungiya ta mata zalla mai suna Bene Gesserit. Tun suna ƙanana a ke horar da su: su mallaki numfashinsu da kowace jijiya ta jikinsu, su gane mai ƙarya daga motsin fuskarsa, su san tarihin kowane gida na sarauta. Sarakuna na neman shawararsu, suna ajiye su a gidajensu, suna kuma tsoronsu. Da sun juya baya sai a ce da su mayu. Amma marubucin ya nuna cewa yawancin abin da a ke ɗauka sihiri ne a wurinsu, horo ne na shekara da shekaru.

Makamansu na magana iri uku ne. Na farko wata irin murya ce wadda idan suka daidaita ta da halin mutum, sai ya bi umarni kafin ya ankara. Na biyu maganar yatsu, wadda mata biyu za su yi a tsakiyar fada ba wanda ya lura. Na uku tsofaffin harsunan da duniya ta manta, mafi shahara a cikinsu shi ne Chakobsa. Lokacin da Jessica, mahaifiyar jarumin labarin, ta sauka a Arrakis, wata mai aikin gida daga cikin Fremen ta zo gwada ta da wuƙa a ɓoye. Sanin wannan tsohon harshe na daga cikin abin da ya fid da ita.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ƙarnuka kafin zuwan Jessica, ƙungiyar ta riga ta aika da manzanninta cikin talakawan hamada, suka shuka musu labarin wani mai ceto da zai zo daga waje, domin duk ranar da wata daga cikinsu ta shiga matsi ta sami mutanen da ke jiran ta. Sunan da Fremen ke kiran wannan mai ceto Lisan al-Gaib ne. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san lisani, ya san gaibu: Larabci ne marubucin ya ara.

Daga dutsen Kokasus zuwa ɗakin silima

Sunan Chakobsa ba Herbert ya ƙago shi ba. Ya tsince shi ne a littafin wata marubuciyar Ingila, Lesley Blanch, wanda ya fito a 1960 a kan tarihin Imam Shamil, shugaban Musulmin duwatsun Kokasus da ya yi shekaru yana yaƙi da sojojin Rasha har zuwa 1859. A waɗannan duwatsu akwai wani harshen ɓoye da a ke kira harshen farauta, wanda ƴaƴan sarakuna da mayaƙa ke yi a tsakaninsu idan sun fita daji ko hari, don kada talaka ko baƙo ya gane inda aka dosa. Herbert ya ɗauki sunan kaɗai. Ƴan jimlolin da ya sa a bakin mutanensa kuwa kwaɗo ne: wasu daga Larabci, wasu daga wani littafi na 1891 da Charles Leland ya tara surkullen mutanen Roma, makiyayan hanya na ƙasashen Turai.

Ƴan jimloli sun ishi littafi, amma ba su ishi silima ba, domin a silima sai an buɗe baki an yi magana. Da Denis Villeneuve, mutumin Kanada, ya tashi mayar da littafin fim, wanda kashi na farko ya fito a 2021, na biyu a 2024, sai aka ɗauko David Peterson, masanin ilimin harsuna wanda ƙirƙirar harshe ita ce sana'arsa. Shi ne ya yi harshen Dothraki na shirin Game of Thrones da aka fara nunawa a 2011. Shi da Jessie Sams, abokiyar aikinsa, su ne kuma suka yi harshen Méníshè domin wani shirin talabijin na 2020, wanda ke ba da labarin mayu mata da aka ɗauka aikin soja a Amurka.

Yadda a ke aikin ba asiri ba ne, shi kansa Peterson ya rubuta littafi a kansa a 2015. A kan fara da zaɓen sautuka, a ce wannan harshe yana da kaza, ba shi da kaza. Sai a gina saiwoyin kalmomi, a tsara yadda a ke jam'i da yadda aikatau ke nuna lokaci. Sai a ɗauki wannan sabon harshe a tsofar da shi da gangan, a lanƙwasa sautukansa kamar yadda bakin mutane ke lanƙwasa magana a cikin ɗaruruwan shekaru, har ya yi kama da abin da aka gada. Daga nan a yi masa haruffa, a fassara maganganun fim, a naɗi murya a aika ma ƴan wasa su haddace kamar ɗan makaranta da allonsa. Kashi na biyu na fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 700, dalar Amurka, ba dalar kasuwar Tasawa ba.

Finafinan Star Wars, waɗanda aka fara a 1977, su ma suna da nasu mayun, matan wata duniya mai suna Dathomir. Sun fara bayyana a littafin Dave Wolverton na 1994, suka shiga talabijin daga baya, har zuwa shirin Ahsoka na 2023, suna surkullensu da baƙon lafazi. Masu waɗannan finafinai sun daɗe da wata dabara mai arha: su ari harshen wata al'umma mai nisa su sa a bakin dodo. A fim ɗin 1983 wani ɗalibi ɗan Kenya, Kipsang Rotich, shi ya yi muryar wani matuƙin jirgi mai fuskar dodo, ya yi magana da harshen Kikuyu. Ƴan kallo a Amurka suka ji yaren wata duniya. Ƴan kallo a Kenya suka ji maganar gida. Abin da wani ya ɗauka yaren aljanu, harshen uwar wani ne.

Ba yau aka fara ba

Ƙirƙirar harshe ta girmi silima nesa ba kusa ba. A ƙarni na 12 wata shugabar mata masu ibada a ƙasar Jamus, Hildegard ta Bingen, wadda ta rasu a 1179, ta rubuta kalmomi wajen dubu na wani harshe da ta ƙago, tare da haruffansa. A nan Afirka, Sarki Njoya na Bamun, a birnin Fumban na ƙasar Kamaru, ya ƙirƙiro ma mutanensa haruffan rubutu a ƙarshen ƙarni na 19, sannan ya ƙara da wani harshen fada mai suna Shumom, wanda ya haɗa da kalmomin da ya tsinta daga harsunan Turawa da na maƙwabta ya sauya musu ma'ana. Faransawa sun raba shi da mulki, ya rasu a Yawunde a 1933, amma rubuce-rubucensa na nan a ajiye a fadar Fumban.

Da mayaƙan Kokasus, da sarkin Bamun, da matan cikin littafin Herbert, abu guda ya haɗa su. Kowane harshen ɓoye katanga ne: akwai wanda aka gina shi domin ya shiga, akwai wanda aka gina shi domin ya tsaya a waje. Tambayar da ta dace a yi ma kowane irin wannan harshe ita ce wa aka rufe ma ƙofa, kuma me a ke ci a ciki.

Zaurance, sakaya da bakin iskoki

Bahaushe bai jira Amurka ba. Duk wanda ya tashi a Kona ko Korgom ko Kanambakashe ya san zaurance, ko da bakinsa ya manta. Yara da ƴan mata su kan cusa wata gaɓa a cikin kalma, gida ya koma gibida, Hausa ta koma Habausa. Ko su juya gaɓoɓin, kasuwa ta koma suwaka. Idan baki ya saba, maganar na gudu kamar ruwa, uwa na zaune ana shirya zuwa dandali a gabanta ba ta sani ba. Wasa ne, amma wasa mai doka: yarinyar da ba ta taɓa taka lakwal ba ta san inda gaɓa ta fara da inda ta ƙare, abin da a ke koya ma ɗalibai a jami'a. Wata ƴar Nijar, Ousseina Alidou, ta sami digirinta na dokta a jami'ar Indiyana ta Amurka a 1997 da bincike a kan irin waɗannan wasanni a harsuna shida na ƙasar nan.

Manya ma suna da nasu. Da dare ba a kiran maciji da sunansa, sai a ce igiyar ƙasa. Iskoki a kan ce da su mutanen ɓoye. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Mahauta da maharba da dillalan shanu kowa da kalmomin da ya ke jefa ma ɗan'uwansa a gaban mai saye. Ko lissafin kuɗi a kasuwa katanga ne ga baƙo: a ce masa dala ashirin, a takarda kuwa 100 aka rubuta; a ce jika, a takarda 1000.

Sai kuma bori, wanda ƙasar Maraɗi ta yi suna a kansa, har a fadar Katsinan Maraɗi akwai sarautar Iya, a ta Gobir a Tsibiri akwai ta Inna, waɗanda al'ada ta ɗora ma shugabancin ƴan bori. Idan goge ya ɗauka, iska ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, murya kan sauya. Kowane iska da irin maganarsa: Kuturu da hanci ya ke magana, Malam Alhaji da nauyin tsufa da tari, Bagwariya da gurɓatacciyar Hausa irin ta baƙo. Sau da yawa sai wani na kusa ya fassara ma jama'a abin da aka ce. Wanda aka yi ma girka ya kan koyi kirarin kowane iska da halinsa da maganarsa. Turawan bincike sun rubuta wannan: Tremearne a 1914, Jacqueline Monfouga-Nicolas a kan borin Maraɗi a 1972, Adeline Masquelier a kan na Dogonduci a 2001. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan bori, masu yin sa kuma sai raguwa su ke yi. Ko mene ne ra'ayin mutum a kansa, kalmomi da kirarin da ke cikinsa Hausa ce tsohuwa, kuma duk tsohuwar da aka rufe ta kan tafi da rabonta.

Wani reshe na wannan al'ada ya fi kowanne ban mamaki. Wajen 1925, a ƙasar Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana ta bakin wata mata mai suna Shibo da mabiyanta. Su ne a ke kira Hauka, ko Babule. Waɗannan iskoki sojoji ne da kwamandoji da gwamnoni, suna fareti, suna sara ma juna, suna ba da oda da karyayyen Faransanci. Kwamandan Faransa na lokacin, Croccichia, ya kama mabiyan ya kulle su. Ba a daɗe ba shi ma ya shiga jerin iskokin da sunan Komanda Mugu. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a cikin ƴan ci-rani na birnin Ankara ta Gana, ya fito a 1955. Talakan wancan zamani ya ga mutum ya furta kalmomi uku da ba a fahimta, an kama wani an kai shi aikin tilas. Bai yi kuskure ba da ya ga cewa wannan harshe yana da iko.

Maye ba shi da yare

Abin lura a nan shi ne, a cikin duk abin da Bahaushe ya gada game da maita, babu inda aka ba maye harshe na daban. An ce yana da ƙanƙara a ciki, an ce yana ganin kurwa yana kama ta, an ce da sarkin mayu a ke kwance abin da ya ɗaure. Amma Hausa ya ke yi kamar kowa, gaisuwarsa irin ta kowa. Zaurance na yara ne, bakin iskoki na ƴan bori ne, su kuwa ƴan bori wurinsu a ke zuwa neman magani. Mayya mai yaren kanta ƙirar silima ce.

Sai dai tsoro ba ya bin ƙa'ida. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau lokacin zafi, yana sambatu, ya ambaci sunan wata maƙwabciya. Tsohuwa ta tsufa har hankalinta ya fara gushewa, tana zaune tana magana ita kaɗai, wataƙila da Fulatanci ko Buzanci ko Barbarci da ta sha a nono, wanda jikokinta ba su taɓa ji a bakinta ba. A haɗa wannan da wancan, sai a ji an ce ai ga ta can tana yarensu. Wadda a ke nunawa da yatsa kusan kullum iri ɗaya ce: mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji a kusa, ba ta da mai tsaya mata. A tara mata jama'a, a tilasta ta ta tsallaka maras lafiya, a daina sayen ƙosanta, a ƙi auren ƴaƴanta da jikokinta, tun da an ce maita gado ce. An ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. To, wadda aka yi ma ƙazafi ita ma ba ta mantawa, zuriyarta ma haka. Yaron kuwa, sa'o'in da aka ɓata wurin taron, da a likita aka ɓata su da ya fi masa.

Ƙasashen da ke yin waɗannan finafinai sun bi ta wannan hanya. Tsakanin ƙarni na 15 da na 18 an kashe dubban mutane a Turai bisa zargin maita, yawancinsu mata. A garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 a 1692. Sai da suka daina kashe mayu kafin suka mai da su abin nishaɗi. A Afirka ta Yamma kuwa maganar ba ta zama tarihi ba tukuna. A arewacin Gana akwai sansanoni irin na Gambaga inda matan da aka kora daga garuruwansu ke fakewa. A Wagadugu akwai cibiyar Delwende mai karɓar irinsu. A watan Yuli na 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, da duka a garin Kafaba na Gana, mutane na tsaye suna kallo. A watan Yuli na 2021 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na yin tir da cutar da mutane bisa zargin maita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mata da harshen ɓoye ya halaka. Kalma biyu ce a fili, da harshen da kowa ke ji: mayya ce.

Harshen biro

Idan aka koma ga tambayar wa aka rufe ma ƙofa, to manomin Kona ya san harshen ɓoyen da ya fi damunsa, kuma ba a salular ɗansa ya ke ba. Yana cikin takardar gona, da takardar magani, da sammacin gidan shari'a, da rasiɗin ƴan duwan, da yarjejeniyar bashin taki da a ke ce masa ya dangwala yatsa a ƙasanta. Mutum biyu su juya harshe a gabansa, su yi dariya, su juyo su faɗa masa kuɗin da zai biya. Ba lalle ne sun cuce shi ba. Amma ba shi da hanyar sanin ba su cuce shi ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ya fita daga biro da zuciya mai nauyi.

Ƙasar ta daɗe tana kokawa da wannan. An buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Sai dai abin da aka rubuta a Yamai daban, abin da ke faruwa a gaban tebur daban. Faransanci ba tsafi ba ne, kamar yadda Chakobsa ba tsafi ba ne. Ilimi ne da wani ya samu wani bai samu ba. Ma'aikacin da ya karanta ma talaka takardarsa da Hausa, layi bayan layi, kafin a dangwala yatsa, ya rushe katanga. Wanda ya bar shi a duhu domin duhun na da riba, ya bi sawun matan nan na cikin littafi, masu sarrafa mutanen hamada da kalmomin da su kaɗai suka san asalinsu. Haka ɗan kasuwar da ke da zaurancensa da yaronsa: sirrin ciniki halal ne, amma ba a kan mudun marainiya ba.

Abin da ya rage

A Amurka ana biyan masani ya ƙirƙiro ma mayun ƙarya harshe, a buga ƙamus, ɗalibai su yi ta nazari. A ƙasar Tasawa da Mayahi akwai harsunan ɓoye na gaskiya, waɗanda kakanni suka ƙera ba tare da an biya su ko tamma ba, suna ɓacewa ba a rubuta su ba. Salular da a ke kallon fim da ita tana ɗaukar murya. Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ya zo hutu, ko mushen lakwal da aka turo ƙauye, zai iya zama gaban tsohuwa da izininta ya naɗi zaurancen zamaninta, da kirari, da kalmomin masaƙa da maƙera da maharba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da cibiyar IRSH, waɗanda adana irin wannan gado na cikin aikinsu.

Wannan zama yana da wata riba bayan ta ilimi. Tsohuwar da aka zauna gabanta aka tambaye ta ma'anar maganarta, ta zama malama a idon unguwa. Da wuya gobe a tara mata jama'a. Mai gari da limami kuwa, idan yaro ya fara sambatu, abin da ya fi shi ne a nemi amalanke ko babur zuwa likita tun kafin a tsaya sauraren sunan da ya ambata, a kuma tuna ma jama'a cewa ɓata sunan mutum laifi ne a addini da dokar ƙasa.

Dattijon da ya leƙa salular jikansa ya sami amsarsa: yaren mayun Nasara wani malami ne ya ƙera shi, kamar yadda maƙeri ke ƙera lauje. Wanda bai ji ba sai ya tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare bakin kowa daga abin da zai raba tsohuwa da ɗakinta.